Laifin Baba Shi Ne Bai Sha Maganinsa Ba

Laurel Fork, Kentucky
9 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Dwight,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wasiƙar nan za ta same ka lafiya, kai da Marlene da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ka a kan tekun Alaska, ya sa sanyin bana ya zo muku da sauƙi. Mu nan sai godiya. Ƙanwarmu Tammy ta sauka lafiya, an sami namiji, bawan Allah ya kwaso kunnuwan gidanmu kaf. Goggo Opal an yi mata aikin ido, yanzu tana hango laifin kowa tun daga nesa. Na zaɓi in rubuto ne domin a waya, da zarar na ambaci Baba, sai ka ce layi ba kyau.

Ka san tun da dutse ya danne masa baya a ramin kwal, shekara ashirin da biyu ke nan, Baba yake shan maganin kashe zafi, kuma bai taɓa ƙara ƙwaya ɗaya a kan abin da likita ya rubuta ba. Da hayaniya ta yi yawa a kan ƙwayoyin nan, asibitin da yake zuwa suka sa shi ya sa hannu a wata takarda, cewa duk ranar da suka kira zai kawo kwalbar a ƙirga, ya kuma ba da fitsari a gwada. Sannan suka rage masa daga huɗu a rana zuwa biyu. Ban ce ƙwaya ba ta kashe mutane ba, Yaya, ni da kai mun raka abokan makaranta da yawa makabarta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, waɗanda suka riƙa rubuta ta kamar alawa a shekarun baya, su ne yau suke kallon tsoho kamar ɓarawo.

Sai Baba ya yi irin dabararsa. Ranar gyaran kaburbura ta Satumba tana matsowa, ya san ƙwaya biyu ba za su hau da shi tudun da Mama take kwance ba. Ya fara tari. Kullum zai cire biyu daga kwalba don lissafi ya yi daidai, amma ranar da ya ji zai iya daurewa sai ya ɓoye su a gwangwanin maɓallan Mama. Bai gaya wa kowa ba. Kwana uku ke nan bai sha ba aka kira shi. Ƙirga ta yi daidai, fitsari ya fita fes, ba alamar maganin a ciki. A tunaninsu, ƙwayar da ta bar kwalba ba ta shiga jiki ba, sayar da ita aka yi. Mako ɗaya takardar kora ta iso. Da ya faɗa mini gaskiya, na je na yi musu bayani dalla-dalla, matar da ke kan tebur ta ce tara magani ma saɓa yarjejeniya ne. Na kira likitoci shida, duk wanda ya ga abin da ke rubuce a fayil ɗinsa sai ya ce ba sa ɗaukar sabbin marasa lafiya.

Ka tuna Royce Mullins, ɗan Kawu Hobart, wanda ya kasa riƙe shagon taya? Yanzu takarar kujerar gunduma yake yi, kuma yaƙi da ƙwaya ne jarinsa. Ya kira taro a zauren makaranta. In ka ji abin da aka yi ta faɗa sai ka riƙe baki. Wannan ya ce a halatta wiwi kowa ya huta, wancan ya ce a ƙara gina kurkuku, tsohon Virgil kuma ya tashi yana masifa wai an hana shi shan sigari a gidan abinci alhali da kuɗin taba aka gina rabin garin. Kowa da bakinsa, ba mai kunne.

Baba ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci. Ban san gwangwanin na aljihunsa ba sai da ya miƙe da sandarsa. Ya ce, “Ni ne Delmer Sizemore, kun san ni, kun san ubana. An ce ina sayar da magani. To ga su nan, goma sha tara, wanda ya iya ƙirga ya zo ya ƙirga.” Ya taka har gaban akwatin da ’yan sanda suka ajiye don zuba ragowar magunguna, ya juye su duka. Aka yi ta tafi. Royce ya rungume shi a gaban masu ɗaukar hoto yana cewa, “Kawu Delmer, irinku ƙasar nan take nema! Gobe-goben nan ni da kaina zan kira asibitin.” Ni ina zaune ban tafa ba, domin na san abin da ya rage wa Baba a duniya ke nan.

Sunansa dai ya wanku. Ranar gyaran kaburbura a mota ya zauna a gindin tudu, ni na hau da furanni. Asibiti kuwa shiru. Bayan mako uku takardar kamfen ta iso kowane gida, ga hoton Baba yana juye ƙwayoyinsa, ga Royce yana washe baki. Na kira shi, ya ce in gane, lokacin zaɓe ne, bai dace a ji yana roƙa wa wani ƙwaya ba, mu yi haƙuri zuwa Nuwamba. Ban san ina da irin zagin da na yi masa ba.

Yanzu Baba a kujera yake kwana. Ba ya iya sa safa da kansa, wake da burodin masara ma sai ya ture. Da na shiga sai ya daina nishi, wai don kada in ji. Wata da muke aiki tare a kanti ta ga yadda na rame, ta rubuta mini lambar wani mutum da ke sayar da irin ƙwayar Baba. Na san ba daga kantin magani suke fitowa ba, na san akwai wadda in mutum ya haɗiya ba ya farkawa. Ni ce fa na sa hannu a takardar neman a tsananta doka a kan ƙwaya. Yau kwana tara lambar tana cikin jakata, ban kira ba, ban kuma yaga ta ba.

An ce akwai likita a birni, tafiyar awa huɗu, mai sauraren irin su Baba, amma sai an yi ta zuwa ana dawowa, ni kuma in na sake fashin aiki korata za a yi. Kada ka aiko kuɗi, kai nake so, ko na mako uku ne.

Ka gaishe mini da Marlene, da Cody, da ’yar auta Josie. Goggo Opal da Tammy suna gaishe ku. Baba ya ce in gaya maka lafiyarsa ƙalau, na dai isar da saƙo. In ba za ka zo ba, Yaya, ka rubuto ka ce kada in kira lambar nan, domin ni na gaji da gaya wa kaina.

Ƙanwarka,
Charlene