Na Sa An Sauya Ƙarfen Wuƙaƙenka

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma cewa za ka yi rubutuna kamar kaji sun bi ta kan toka. To, haka aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci, sai ka yi haƙuri.

Gida lafiya. Jikanyarka ta fara tafiya, kuma ta kwaso kunnuwanka, Allah ya ba ta haƙuri. Wudil kuwa ba za ka gane ta ba. Kuɗin mai ya shigo, manyan motoci sai ratsa gada suke yi, har masu kamun kifi sun rataya rediyo.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na karya dokarka ta maƙera, kuma ban yi nadama ba.

Ka bar wa Auta wasiyya cewa wuƙarmu mai naɗewa ba a ƙera ta sai da tsohon magagari, wanda ya gama gogar ƙarfe ya gaji. Ban musa ba, yana kaifi kamar aska. Amma a zamaninka me ake yi da wuƙa? A yanka igiya, a feɗe akuya, a naɗe a sa aljihu. Yau fa? Da ita ake huda gwangwanin madara, da ita ake fasa na tumatir, da ita ake kwance ƙusar rediyo. Magagari gautsi gare shi, ana murɗawa sai ƙas, tsini ya tashi. Mutanen kara, 'yan kasuwar shanu, suka dinga dawo da wuƙaƙen ranar Juma'a, kowa da guntu a tafin hannu. Wani dillalin shanu har cewa ya yi an binne wuƙar tare da mai ita. A gaban ɗanka! Ya dawo ko tuwo bai taɓa ba, yana zancen rufe maƙera ya tafi Kano leburancin gini.

Shi ne na aike shi wurin makanikai ya samo ƙarfen sifirin na matacciyar tirela. Ƙarfen da ya ɗauki buhunan gyaɗa a kan ramukan hanya bai karye ba, gwangwani ne zai karya shi? Ya ƙera wuƙa, ya ba ta ruwa don ta yi tauri yadda ka koya masa. Ni da kaina na gwada. Na caka ta a gindin tsohon turmi, na danne da duk nauyina, ka kuma san ba kaɗan ba ne. Ta ɗan lanƙwasa, ta dawo. Eh, tana saurin dakushewa fiye da taka. Dutsen washi ya ƙare a duniya ne?

Ƙaninka Malam Idi ya zo yana huci, wai mace ba ta da baki a maƙera, wai kada a buga alamarka a kan ƙarfen mota. Na tuna masa ni ce na yi ta shafa maka man shanu a ƙunar hannu, lokacin da shi yake gudun zugazugi. Na tsaya a kan Auta har ya buga alamar, kowace wuƙa.

Abin da ban taɓa faɗa maka ba: taurin kan nan naka nake kewa. Babu wanda ya iya musu da ni a gidan nan, kowa sai "to, Inna". Har guduma da safe nakan saurara, ko zan ji irin bugunka.

Auta ba ya zancen Kano yanzu. Juma'ar nan zai baje wuƙaƙen a kara, da sunanka a kai. In ranka ya ɓaci, ajiye faɗan, kada ka kashe shi a kan kowa. Ina tafe, sai mu yi a can.

Allah ya haskaka makwancinka.

Taka da ba ta jin magana,
Innar yara