Ƙafar Baba

Ha'apai, Tonga

Zuwa ga Gwaggo Kalolaine,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kina lafiya, ke da kowa a Auckland. Allah Ya ƙara miki ƙarfi, Ya sa sanyin can bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Mama lafiya lau, aladunta sun haihu har sun hana mu sakat a tsakar gida.

Gwaggo, hankalina a tashe yake. Mun zo hutu daga makarantar likitanci a Suva, ni da abokan karatuna, muka shimfiɗa tabarmi a zauren coci muna gwada suga da duba ƙafafu, tunda yawancin tsofaffinmu ba sa iya kai kansu asibiti. Duk ƙauyen ya cire takalmi ban da ƙanenki. Baba ya zo da safa a wannan zafin, ya zauna yana tsokanar mutane, wai yaran da ya ga suna yawo ba wando ne yau za su koya masa wanke ƙafa. Kowa ya yi dariya, har ni.

Mama ce ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini safar da take wankewa a ɓoye. Warin kaɗai ya ishe ni bayani. Da ƙyar ya yarda Manase, abokin karatuna, ya duba, ni kuwa aka ce in jira a waje. Manase ya ce mini yatsu biyu sun yi baƙi. In ya je babban asibiti a Nuku'alofa, babban birninmu, yanzu, yatsun ne za su tafi. In ya ja lokaci, ƙafar ce.

Baba ya ce wa zai kula masa da doya? Samarin da muke karatu tare suka ɗauki fartanya suka nome gonar tas, hannayensu duk kanta. Ya ce ba shi da masauki a can, muka samo masa ta hannun matar fasto. Da dabara ta ƙare masa sai ya ce duk wanda ya hau jirgin Nuku'alofa da ƙafa biyu da ɗaya yake dawowa, shi kuma da biyunsa zai je gaban Ubangiji. Na buɗe baki, ya kalle ni ya ce yaushe 'ya ta fara ba ubanta umarni. Na lallashi iyayen kowa, nawa ya gagare ni, kuma tsoro nake ji.

Ke ce yayarsa, maganarki ba ya tsallake ta, ko a gaban fasto. Don Allah ki kira shi kafin jirgin Alhamis, kada ki lallashe shi, ki ce ya tafi kawai. Zai gane ni na kai ƙararsa, wataƙila ya daina yi mini magana. Na yarda, in dai yana tsaye zai yi fushin.

Ki gaida Kawu Lopeti, da Seini da jaririnta. Mama tana gaishe ki da girmamawa.

'Yarki mai jiran kiranki,
Lesieli