Hannun Baba Bai Dawo Ba

Yaya Sule,

Gaisuwa mai yawa. Yaya iyali, yaya zaman Kumasi? Mu nan Rano lafiya, sai kewar marigayi Baba.

Na kai littafin wa'azinsa Kano don a buga. Masu injin suka ce ko a ɗauki hoton rubutunsa yadda yake, har da cin gara, ko a jera haruffan ƙarfe. Na zaɓi ƙarfe, wai ya fi tsabta.

Da aka kawo, ɗigon harafin "fa" na ajami da Baba ke sawa a ƙasa duk ya koma sama. Inna ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan ba hannun Malam ba ne." Ba ta sake taɓa shi ba.

Ka gaida mutanen gida, ka sa ni a addu'a. Yaya, da ma na bar cin garar.

Ƙaninka,
Habu