Itacen da Muka Binne a Kalakla

Zuwa ga ƙanena Idrisa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka a inda kake, Allah ya sa can ya fi nan. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana da rai ma ba lalle ka karanta ba, kai da wasiƙa ke yin wata uku a aljihun jallabiyarka har a wanke su tare. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma ba wanda zan iya gaya wa sai kai.

Bari in fara da labarin gida. Mun koma Umbadda. Gidan yana nan, sai dai ƙofofi da tagogi da aka ɓalle, lemon tsamin tsakar gida kuma ya bushe. Na sake kafa rumfa a kasuwar Umdurman, ba a layinmu na da ba, wancan ya ƙone. Turmi da gadon angarib suna tafiya sosai, don duk wanda ya dawo ya tarar da ɗaki wayam, abin kwanciya yake fara nema. Ka ga ikon Allah, yaƙin da ya cinye aikinka shi ya tayar da nawa. 'Yarka Maryama ta dawo daga Masar wata biyu ke nan. Hausarta ta ƙara lalacewa, in ta fara da Baffa sai ta ƙarasa da Larabci. Tafiyarka take yi, kafaɗa ɗaya a sama.

Ɗakin aikinka na Kalakla babu komai a ciki. Ba ɓarayi ba ne. Lokacin da gas ya yanke, gawayi ya gagara, mutanen unguwa suka shiga suka farfasa mutum-mutumin itacen da ka sassaƙa suka hura wutar tukunyar da ake ciyar da layin gaba ɗaya. Maƙwabcinka ya zo har rumfa yana neman gafara, ya ce itacen gabaruwarka ya fi kowane icce jimawa a murhu, guda ɗaya yakan yi musu girkin kwana uku. Na ce masa ba komai, da kana nan da hannunka za ka miƙa. Wannan gaskiya ne. Abin da ban gaya masa ba shi ne, da ya juya ya tafi, na ji wani sanyi ya ratsa zuciyata. Na yi istigfari, amma na ji shi. Na ce a raina yanzu mun zama ɗaya, ni da kai, ba wanda ya bar abin nunawa.

Ka taɓa sanin ina yi maka hassada? Ko ka sani ka yi kamar ba ka gani ba, irin halinka?

Tun a Jazira ta fara, a unguwarmu ta 'yan ƙodagon auduga. In an gama tsinka Baba ya koma sassaƙar turmi, mu biyu yake zaunarwa. Ni hannuna ya faɗa da wuri. Kai kuwa in aka ba ka gizago sai an tanadi tsumman ɗaure yatsa. Shi ya sa Baba ya cire ni daga makaranta ya bar ka, ya ce wannan yaron ba zai ci abinci da hannunsa ba, gara ya yi karatu. Iyawata ce ta ɗaure ni, rashin iyawarka ta kai ka kwalejin zane a Khartum. Ka fito ana ce maka Ustaz Idris, fannan, gwanin fasaha. Ni kuma Yakubu najjar, kafinta, har gobe.

Kuma wa ya koya maka binne itace? Baba ne yake tura sabon turmi cikin lakar magudanar gona ya bar shi har damina ta wuce, ya fito baƙi wuluk, ba ya tsagewa, gara ba ta cin sa. Ni nake shiga lakar har ƙugu, kana tsaye a bakin ruwa riƙe da takalmana. Da ka fara yi wa ayyukanka haka a bakin Farin Nilu, sai masu jarida suka rubuta wai ka ƙirƙiro sabuwar dabara, wai kogi abokin aikinka ne. Kogi! Akwai hoton nan naka da aka buga, kana tsaye cikin taɓo kana kallon nesa kamar mai jiran wahayi. In ka duba gefen hagu akwai ƙafar mutum da bakin shebur. Ƙafata ce. Na yanke hoton na ajiye shekara da shekaru, ni kaina ban san don me ba.

Shekara nawa ina sare maka kututture, ina fafewa, ina rage maka aiki har ya saura na wuƙa? Ba ka taɓa hana ni haƙƙina ba, ba zan yi maka ƙarya kana kabari ba. Kana ce wa baƙi ga yayana, shi ke taimaka mini. Ranar da aka buɗe babban baje kolinka na sa jallabiyar Juma'a da sabon rawani, mai gadi ya dube ni ya ce masu kawo kaya ta ƙofar baya suke bi. Na bi ta bayan. Na same ka a tsakiyar mutane kana dariya, ban gaya maka ta ƙofar da na shigo ba. An ce babba juji ne, to na zama jujin, sai dai juji ma in ya cika yana wari. In 'yan masallacinmu suka kira ka mai gumaka, a fili ina tare maka faɗa, ina ce musu ka yi wa Baba alkawari ba za ka fitar da ido ko baki a jikin itace ba, kuma ka cika. A ɓoye kuwa daɗin maganarsu nake ji.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka tuna shekarar ƙarshe, da ciwon suga ya fara dusashe maka ido, hannunka na rawa. Ka zo rumfata a raksha, keken nan mai ƙafa uku, ka ce kana so mu sassaƙa Inna, a duƙe tana tsinkar auduga, buhu ɗaure a ƙugu, yadda muka san ta. Wata biyu ina kan aikin. Ni na zaɓi itacen, ni na fitar da baya da kafaɗa da hannuwa, kana zaune kan benci kana shan gahawa kana nuni da sanda. Da na gama na ce to, yau dai a zo a gani. Aiki ne mai kyau, ko maƙiyi zai shaida. Amma mace ce kawai a duƙe, kowace mace. Sai ka tashi ka shafa wuyan da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓi, ka karɓi 'yar wuƙata, da hannun nan naka mai rawa ka rage abin da bai kai kaurin yatsa ba a gefe ɗaya. Kafin a kira la'asar ka gama. Na ɗaga kai sai ga Inna, yadda take karkatar da wuya tana sauraron ko ɗayanmu na kuka a bakin gona. Na fita waje na ce hayaƙi ne ya shiga idona. Ba kewar Inna ce ta sa ni hawaye ba, Idrisa. Haushinka ne. Wata biyuna bai kai rabin yininka ba, kuma na san ko zan shekara ɗari ba zan ga abin da ka gani a wuyan nan ba.

Ana saura kwana kaɗan azumi muka kai ta bakin kogi. Ranar, kafin in iso inda take, ka riga ka naɗe ta da buhu ka ɗaure, ni na ɗauka, kamar kullum. Muka binne ta taku goma sha biyu daga gindin gawon nan, ka ce cikar kogi ɗaya ta ishe ta. Azumin bai ƙare ba aka fara harbi. Ka bi iyalinka Gadarif, maganin suga ya yanke, a waya aka gaya mini. Ko ɗaukar makararka ban samu ba, ni da na ɗauki duk abin da ka taɓa sassaƙawa.

Da Maryama ta dawo, ta zauna a kan angarib a tsakar gidana ta tambaye ni ko akwai abin da ya rage na hannunka, ko guntu ne. Abokan sana'arka da suka dawo suna shirya nuna abin da ya tsira, ita kuma ba ta da abin kaiwa sai hotuna a waya. Na dubi tsabar idon yarinyar nan na ce babu. Ta ce ba komai Baffa, ta ɗauki jakarta. Har raksha na raka ta.

Na riga na gama shiri a raina. In tono Inna, in wanke, in kankare sunanka da ka saba ƙonawa a gindin kowane aiki, in sa nawa, in kai. Wa zai ƙaryata ni? Kai ka tafi, Baba ya tafi, kogi ba ya magana. Kuma ai ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, ko? Wa ya yi bayan, wa ya yi hannuwan? Haka na yi ta shari'a da kai har mako shida, kullum ni ke cin nasara, tunda ba ka da bakin amsawa. Ruwa kuma ya fara tasowa. Cika uku ta wuce a kanta, na san in ta huɗu ta same ta, ko dai ta ruɓe ko kogi ya tafi da ita.

Ranar Alhamis da hantsi na hau mota zuwa Kalakla da shebur da gizago a buhu. An sare gawon, sai kututture. Na ƙirga goma sha biyu na haƙa har gwiwa, ba komai. Sai na tuna kai ka yi ƙirgan, kai da gajerun ƙafafunka. Na dawo baya kaɗan. Wasu masunta biyu suka tsaya daga nesa suna kallo, ba su matso ba, don yanzu a garin nan in ka ga mutum da shebur ba ka tambayarsa abin da yake nema.

Buhun ya narke, igiyar ma haka. Amma Inna tana nan, baƙa wuluk, tauri kamar ƙarfe. Dabarar Baba ba ta ba mu kunya ba. Na ja ta bakin ruwa na wanke, ina kauce wa kallon wuyan. Na kifar da ita, na ɗauko gizago, na goge lakar gindin da babban yatsa.

Yakubu ɗan Musa. Abin da ka ƙona ke nan, haruffan a karkace saboda rawar hannu. Na goge ko'ina, na zuba ruwa, na sake gogewa. Naka babu.

Me ya sa ka yi mini haka? Me ya sa ba ka faɗa da bakinka ba, sai ka naɗe a buhu ka sa ni na ɗauka a kafaɗa ban sani ba? Kana jiran ranar tonowa ka ga fuskata ka yi dariyar nan taka, ko? Shekara talatin ina tara maganganun da zan gaya maka ranar da za mu yi ta ta ƙare. Na zo da gizago in sace abu, na tarar tuni an ba ni shi kyauta. Ka san yadda wannan yake da ciwo? Na zauna cikin taɓo da jallabiyata ina zaginka ina kuka, har masuntan suka ƙaraso suna ba ni haƙuri, sun zaci ɗan'uwana na tono. Ban ce musu a'a ba. Ka fi ni ido, ka fi ni suna, na haƙura. Har a kirki ma sai da ka fi ni, Idrisa?

A ranar na kira Maryama. Na gaya mata na yi mata ƙarya, na gaya mata dalili, ban rage komai ba. Da ta zo ta ga kakarta, ba wanda ya nuna mata, hannunta ya tafi kan wuyan. Ta ce a bar sunan yadda ka bar shi, wasiyyarka ce. Na ce sam. Duk wanda ya san itace, in ya kalli bayan zai ce wannan aikin masassaƙi ne, in ya kai wuyan zai san wani hannun ya shiga. Ba zan tsaya gaban mutane ana yaba mini abin da na san ba nawa ba ne. Na ɗanɗana a zuci na mako shida, ba daɗi.

Hassadar ba ta tafi ba, kada in yaudare ka. Inna tana tsakar gidana yanzu, duk sanda na wuce na kalli wuyan nan sai na ji abin ya motsa. Sai dai yanzu in ya motsa ina kewarka a lokaci guda, na rasa wanne ne wanne.

Jibi za mu kai ta wurin baje kolin, ni da Maryama. Ni zan ɗauka, kamar kullum, amma ta ƙofar gaba zan shiga. Jiya na wasa 'yar wuƙar nan da ka yi aikin da ita, na sassaƙa sunanka a gindin, Idrisa ɗan Musa, harafi harafi, ya fi naka rubutun kyau nesa ba kusa ba. A ƙasan nawa na sa shi. Kada ka ji haushi, ni ne babba, ka bar mini wannan ɗaya.

Allah ya jiƙanka, ya yafe mini, ya haɗa ka da Baba da Inna. In ka gan ta, kada ka ce mata kai kaɗai ka yi.

Yayanka,
Yakubu najjar, Umbadda.