Ya Gwammace A Ce Masa Mashayi Da A San Ciwonsa

Salama a gare ku 'yan'uwa, maza da mata na wannan zaure. Admin ki ɓoye sunana, ƙauyenmu ƙarami ne, ko tari na yi an san muryata. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni kafin Litinin.

Muna zaune a wani ƙauye kusa da Gidan Waya, shekararmu sha shida da aure, yara uku. Maigidana malamin firamare ne, shi ne kuma sakataren ikilisiyarmu. Yana da ciwon suga, ba irin na tsufa da ake shan ƙwaya ba, irin wanda ke kama mutum tun yana saurayi, jikinsa ba ya yin insulin ko kaɗan, sai allura safe da yamma har iyakar rai. Ban da ni da nas ɗin da muke zuwa wurinta a Kafanchan, babu wanda ya sani a garin nan, har 'yan'uwansa. Kafin ni ya nemi wata yarinya a Kachia, da iyayenta suka ji suka mayar masa da kayansa, wai mai suga ba ya iya riƙe mace. Abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. Saura sati biyu aurenmu ya sa na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na yi alkawari ba zan faɗa wa kowa ba, na kuma riƙe.

Ni ban yi boko da ƙuruciya ba, gona da kasuwa na sani. Ina da shekara talatin da biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci na zumuntar mata. Mata suna mini tsiya wai littafin waƙoƙi nake so in riƙe a gaban coci a gan ni. Na bar su. Lambar da ke fitowa a mitar suga nake so in iya karantawa, da layukan sirinji, don na gaji da ganin mijina yana rawar hannu ni kuma ina kallon lamba kamar akuya ta kalli jarida. Yanzu ni ke rubuta awonsa a littafi, ni ke ajiye insulin a tulu cikin jiƙaƙƙen yashi tunda wuta ba ta zama, ni ke cusa masa ƙwayar suga a aljihu kullum. Ba yabon kai nake ba, ina so ku san ba jiya na fara wannan aiki ba.

Sati uku da suka wuce aka yi gayyar tonon citta a gonar wani dattijon coci. Ya yi allurarsa da safe, ya ci tuwo kaɗan, ya canza riga ya bar sugan a tsohuwar riga. Ku da kuka san gayya kun san abinci ba ya zuwa da wuri. Rana ta yi tsaka yana ta aiki, sai ya fara zufa, yana tangaɗi, harshensa ya yi nauyi. Ya je ya zube a inuwa, inuwar kuma ita ce inda aka ajiye tukunyar burkutu ta masu sha. Dattijon ya zo ɗaga shi, maigidana ya ture dattijon ya zage shi, mutumin da ko yaro bai taɓa zagi ba. Aka yi ta dariya, wai ashe Malam sakatare ma yana taɓawa a ɓoye, a bar shi ya yi barci ta sake shi. Da sun bar shi ya yi barcin nan da yanzu ina takaba. Allah ya sa ina cikin masu kawo abinci. Na ajiye kwano na ruga, na ga yana iya haɗiya, na dama suga a ruwa na ba shi kaɗan kaɗan har idonsa ya dawo. Wata tana bayana tana cewa, "Maman yara kin iya maganin maye, ashe kin saba." Na haɗiye maganar da ta zo bakina.

Kwamitin dattawa suka zauna, suka kira shi. Na ce masa Baban yara, ga ranar faɗin gaskiya ta zo, ɗauki mita da katin asibiti ka ajiye musu a tebur. Ya tafi hannu wofi, ya dawo ya ce ya amsa laifi. Mutumin da bai san ɗanɗanon giya ba! An karɓi littafin sakatare daga hannunsa, an sa shi ƙarƙashin horo wata uku, bencin baya, babu cin jibin Ubangiji. Babbar 'yarmu ta daina zuwa ƙungiyar mawaƙan coci saboda abin da ake ce mata. Duk wannan na iya ɗauka, kunya ba ta kisa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, sun ce ya yi azumin tuba kwana uku tare da Fasto a cikin coci, daga safe zuwa ƙarfe shida na yamma, ko ruwa babu, daga Litinin ɗin nan. Na hau mashin na je wurin nas. Ta ce in ya yi allura bai ci ba sugan zai faɗi kamar na gona ko ya fi, in ya bar allurar kuma zai hau, ya kama amai, irin wanda ya taɓa kwantar da shi kwana tara a asibiti. Ta ce kada ya kuskura, ya zo su ga likita. Na dawo na faɗa masa, ya ce Ubangijin da ya riƙe Daniyel a ramin zakoki zai riƙe shi. Na ce Daniyel jefa shi aka yi, kai da ƙafarka kake shiga. Na yi masa faɗa, na yi kuka, na durƙusa, ni da ban iya durƙusa wa mutum ba. Ya ce mashayi yana tuba a manta, amma in aka ce masa mai ciwo, har ya mutu da ido za a riƙa binsa, maza su riƙa raɗa a bayansa. Ya ce ranar da na buɗe baki na karya alkawarin da na yi a kan Littafi, in tattara kayana in koma gidan ubana. Na san shi, ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

To 'yan'uwa, ga ni. Kada wani ya ce mini in yi addu'a kawai, gwiwata ta yi kanta. Kada a ce in lallaɓa shi, na yi har bakina ya bushe. In je wurin Fasto shi kaɗai da katin asibiti in roƙe shi ya janye azumin ya rufa mana asiri? In Fasto ya kai wa dattawa fa, su kuma suka kai wa matansu? Masu sanin Littafi ku faɗa mini, alkawarin da zai kashe wanda aka yi dominsa, Allah zai kama ni in na karya? Masu irin ciwon nan, maza musamman, in matarka ta tona don ta cece ka, za ka yafe mata? Ina son aurena, Allah ya sani. Amma in dole sai na zaɓa, gara ya kore ni yana numfashi. Yau Alhamis, gidan Fasto yana bayan namu. In je ko kada in je?