Geron Ƙarƙashin Gadona Ya Fara Tsiro

Gwaggo Huseina, don Allah ki agaza mini da shawara kafin ni da gadona mu nutse.

Ni matar aure ce a wani ƙauye wajen Kunci, yaranmu huɗu. Kin san yadda shekarun nan suka zo, kwanon gero sai dai a gaishe shi daga nesa. Bara ɓarayi suka fasa rumbunan mutane a garinmu, sai maigidana ya rantse hatsinsa ba zai ƙara kwana a waje ba. Da kaka ta yi ya ɗage gadona, ya haƙa rami iya ƙirjinsa, ya jera buhunan geronmu, ya rufe da katako, ya mayar da gado. Wai ya ga irin wannan ɗakin ƙasa a gidan wani Alhaji a Rijiyar Zaki da ya je cin rani. Ya manta na Alhaji da siminti aka yi, namu kuwa da taurin kai.

Duk rani lafiya lau, har tsokanata yake wai ni ce maigadi. Damina na sauka, bango ya fara gumi. Yanzu tabarmata ta yi fumfuna, buhun ƙasa ya yi tsiro fari fat, ga wani kwaɗo ya tare a ciki ba ko sallama. Ashe indararon soron Yaya Dabo, wan maigidan, a gindin bangona yake zuba, don katanga ɗaya muke.

Na ce a roƙi Yaya ya juya indararon, a kira mata a yi wa ramin daɓe da makuba yadda iyayenmu ke yi. Maigidana ya ce atafau. Daɓe sai da taron mata da waƙa, kuma Luba matar Yaya ita ke ba da waƙar, in ta gani gari ya gani. Gaskiya, Gwaggo, ba ɓarayi kaɗai yake ɓoye wa ba. Ya gaya wa wansa geronmu ya ƙare tun bazara, saboda kwanon gidansu ya cika zuwa aro. Rannan Luba ta shigo, ta shaƙi iskar ɗakin, ta tambaye ni ko na fara sana'ar kunun zaƙi ne. Washegari sai ga dawa rabin kwano ta aiko, wai yara su samu. Na ji kamar in shige ramin don kunya.

Geron nan shi ne abincinmu har sabo ya shigo. In na yi shiru ya ruɓe, in na yi magana na tona mijina. Wallahi tsoro nake ji.

Taki, Mai Kwana a Kan Rami.

'Yata, na yi dariya, sannan na tausaya miki. Kada ki ɗauki mijinki marowaci. Wanda ya ga an fasa rumbun maƙwabci, ga bakuna shida a wuyansa, dole ya nemi dabara. Sai dai gudun gara ya yi, ya faɗa gidan zago.

Ranar da rana ta fito, ku kwashe geron duka ku shanya. Wanda ya yi baƙi ko yake warin fumfuna a zubar, kada a ba yara ko da a kunu ne. Ku adana sauran a sama, a kan itace ko duwatsu, kada buhu ya jingina da bango.

Laima kuwa daga waje ake tare ta. A juya indararon, a cika gindin bango da jar ƙasa yadda ruwa zai gangare, a yanka masa hanya zuwa lungu. Ramin a bar shi ya sha iska har rani, sannan a daɓe shi da tsakuwa da makuba, a yaɓe bangon, a bar masa kafar iska. Ko siminti kuka samu, in aka shafa a jiƙaƙƙen bango ɓarewa zai yi. Kafin nan ki janye gadonki da yaran daga bakinsa, jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta da amana.

Saura batun asiri. Shanya ba ta ɓoyuwa, kuma macen da ta girma tana surfe ta san warin jiƙaƙƙen gero. Luba ta sani, ta rufa muku asiri, har ta haɗa da dawa. Ki faɗa wa maigidanki haka cikin lalama, ku biyu. Ya je wajen wansa da ƙafarsa, ya faɗi tsoron da ya sa shi, su yanke abin da zai iya taimakawa da shi ba tare da yaranku sun kwana da yunwa ba.

Kwanon Luba kuma kada ya koma wayam, ki cika shi da gero mai kyau. Allah ya busar muku da ɗaki, ya kai mu kaka lafiya. Ki sallami kwaɗon nan, zaman ya isa haka.