Abin da Babbar Riga Ta Ɓoye

Dandin Mahe, Laraba.

Ɗiyata Altine,

Bayan gaisuwa, ke da maigidanki. Yau jikin ba daɗi. Ƙafafu sun yi nauyi, tuwon da Shatu maƙwabciyata ke kawowa ma ba ya shiga. Kunnena ya daina jin waya, shi ya sa na ba direban kasuwa wannan takarda. Zaman ni kaɗai ya fara fin ƙarfina. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki, Ummaru.

Bodinga, Lahadi.

Baba,

Ina gaishe ka da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Maigida ya ce a fara duba ka. Akwai Bilyaminu, ma'aikacin lafiya mai gwada ƙarfin tsofaffi, zai zo. In ya ce ƙarfi ya tafi, za mu ɗauko ka.

Ɗiyarka, Altine.

Bodinga, Alhamis.

Baba,

Barka da arziki. Bilyaminu ya ce ka fi sa'o'inka ƙwari, har ƙofar gida ka raka shi. Maigida ya ce kaɗaici ne kawai, mu bari sai an cire albasa. Hankalina ya kwanta.

Altine.

Dandin Mahe, Litinin.

Ɗiyata,

Gaisuwa mai yawa. Baƙo ya yi sallama, yaya zan tarbe shi a kwance? Na sa babbar riga, ta rufe ƙasusuwan. Ya ce in tashi daga kujera ba tare da na dafa ba. Na cije na tashi, ido na ganin duhu, don yaron sa'an jikana ne. Ya tambaya ko ina faɗuwa. Na ce, "Alhamdulillahi." Bai sake tambaya ba, ni kuma ban faɗa masa na faɗi wurin alwala ba, har Shatu ta kira maza suka ɗaga ni. Rakiyar da na yi masa, da rarrafe na koma ɗaki. Tun ranar a zaune nake salla.

Ki roƙe shi ya dawo. Wannan karon yadda nake zai same ni.

Mahaifinki.

Dandin Mahe, Asabar.

Altine,

Direba ya ce kin ce Juma'a Bilyaminu zai zo. Na hana Shatu gyara ɗakin, na kwanta ƙofa a buɗe har magariba. Bai zo ba. A nan zan tsaya. Ki gaida yara.

Ummaru.